Filin Tambayoyin Matafiya: Siyena da Karkararta a Mota

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan Italiya suka faɗo, mafi yawansu kuma a kan yankin Toskana. Na ware waɗanda suka shafi birnin Siyena da ƙauyukan da ke kewaye da shi, na ɗan rage wa wasu tsawo saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da wata harka a Bologna cikin watan Mayu. In na gama ina so in kai uwargida da yara biyu Siyena mu yi kwana huɗu. Zan ɗauki motar haya, kuma na ga wani otal a tsakiyar tsohon gari, dab da babban dandali. Zan iya shiga da motar har ƙofar otal in ajiye ta a can?
— Wani ɗan kasuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya kai ku lafiya. Ba za ka iya ba, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka kama hanya, domin wannan ne ramin da baƙi masu mota suka fi faɗawa a Italiya.

Kusan duk abin da ke cikin ganuwar Siyena yana ƙarƙashin abin da suke kira ZTL, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci. Ba shinge, ba ɗan sanda a tsaye. Abin da za ka gani allo ne mai farar da'ira da jan baki, sai kyamara a kan ƙarfe. Kana giftawa ta ɗauki lambar motar, kai kuwa ba ka san an yi ba. Sai ka koma gida, ka manta da tafiyar, sannan saƙo ya iso. Hukumar gari za ta tambayi kamfanin haya wane ne ya ɗauki motar ranar, kamfanin ya ciri kuɗin hidimarsa daga katinka, tarar kanta kuma ta biyo baya. Doka ta ba su har kwana 360 su isar da takardar ga wanda ke zaune a wajen ƙasar. Tarar tana farawa daga wajen Yuro 80, ban da kuɗin aikawa. A da kowace giftawa da tata tarar, har wanda ya ɓata hanya ya yi ta kewaye yana neman otal yakan tara wa kansa takardu uku ko huɗu a yammaci ɗaya. Kada ka bi motar da ke gabanka kana cewa ai ga wani ya shiga. Mai yiwuwa ɗan unguwar ne, lambarsa tana cikin rajista. Haka nan kada ka saki jiki da taswirar waya, domin ita gajeriyar hanya take nema, ba kullum take kula da allon ba.

Akwai sassauci guda. Otal ɗin da ke cikin ganuwa zai iya shigar da lambar motarka a rajista don ka sauke kaya ka fita. Amma wannan magana ce da za ka gama da su a rubuce kafin ranar: ta wace ƙofa za ka shiga, wane titi za ka bi, minti nawa aka ba ka. Izinin sauke kaya ba izinin kwana ba ne.

Inda motar za ta kwana shi ne wuraren fakin da ke bakin ganuwa. Na Santa Caterina yana kusa da tsohuwar maɓuɓɓugar Fontebranda, kuma daga can akwai matakala mai tafiya da kanta da za ta hau da ku har kusa da babban coci. Na San Francesco ma yana da irin wannan matakala. Na tashar jirgin ƙasa ya fi sauƙin kuɗi, sai dai yana can ƙasan tudu, matakalarsa doguwa ce, tana fitar da mutum wajen ƙofar Camollia. Na filin ƙwallo da tsohon sansanin Fortezza shi ne ya fi kusa da daidai da tsayin gari, amma ranar Laraba da safe kasuwa ke ci a wannan wajen, fakin ya yi wuya. A bakin titi kuwa launin layin da aka ja a ƙasa ne zai gaya maka: shuɗi na biya ne, ka nemi na'urar tikiti ka ɗora takardar a bayan gilas, ruwan ɗorawa na wasu ne aka keɓe, fari kyauta ne, amma ka karanta allon da ke kusa, wani lokaci na mazauna unguwa ne ko na ɗan taƙaitaccen lokaci.

Shawarar da zan ba ka, Alhaji, ka raba kwanakin biyu. Kwana biyun farko ku zauna cikin gari ba mota. Daga Firenze, babban birnin Toskana, akwai bas da ke sauke mutum a bakin tsohon gari cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Sannan ka karɓi mota ku koma wani gidan gona a karkara, irin waɗanda suke kira agriturismo, inda za ka ajiye ta a gindin itacen zaitun ba wanda zai ce maka uffan. Biyan kuɗin haya da kuɗin fakin a kan motar da ke zaune kwana biyu asara ce kawai.

Kuma ina roƙonka kada ka ji haushin wannan doka. Siyena tana cikin biranen Italiya na farko da suka hana motoci shiga tsakiyarsu, tun tsakiyar shekarun 1960. An gina lungunan ne don mutum da jaki. Da dare, in ka bi titin Banchi di Sopra ka ji ba komai sai takun ƙafa da hirar mutane, za ka gane abin da dokar ta saya musu.

Tambaya: Malam, ɗana da ke aiki a Milan ya tsara mana za mu tashi daga Firenze da sassafe, mu ga hasumiyar Pisa, mu biya San Gimignano, mu yi awa biyu a Siyena, mu dawo da dare. Ya ce duk tsofaffin garuruwan nan kama ɗaya ne. Haka ne?
— Wata uwa mai shirin tafiya

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, a takarda wannan tsari yana yiwuwa, kamfanonin yawon buɗe ido ma suna sayar da irinsa. Amma abin da za ki fi tunawa daga wannan rana shi ne kujerar mota da neman wurin fakin. Ki ce masa a cire Pisa, a bar wa Siyena yini guda cur. Bari in faɗi dalili.

Garin yana zaune a kan tuddai uku da suka haɗu a tsakiya, kimanin kilomita 70 kudu da Firenze. Arzikinsa na da daga hanya ya fito. Via Francigena, hanyar da masu ziyarar ibada da fatake ke bi daga arewacin Turai zuwa Rum, ta ratsa tsakiyarsa, mutanen garin kuwa suka zama 'yan canji da masu ba da rance har ga fadar Fafaroma. A 1260 suka karya rundunar Firenze a Montaperti, kuma har yau ba su daina ambaton wannan rana ba. Daga 1287 zuwa 1355 majalisar mutum tara ce ta riƙe garin, 'yan kasuwa ne, kowane rukuni wata biyu yake yi ya sauka. Yawancin abin da za ki je gani aikin wannan zamani ne.

Babban dandalin, Piazza del Campo, ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Ya gangara kamar cikin ƙwarya da aka raba biyu, an daɓe shi da jan bulo, an ja fararen layuka da suka kasa shi tara don tunawa da waccan majalisa. Ana shigarsa ta ƙananan lunguna masu duhu, saboda haka ba kya ganinsa sai kin faɗo cikinsa. A ƙasan gangaren fadar gwamnati take, Palazzo Pubblico, wadda aka fara ginawa a 1297, da hasumiyarta Torre del Mangia mai tsayin kimanin mita 88, wadda aka gama a 1348.

Cikin fadar akwai ɗakin da nake ganin shi kaɗai ya isa dalilin tafiya. A 1338 zuwa 1339 majalisar ta sa Ambrogio Lorenzetti ya zana wa bangon ɗakin da suke zama hoton mulkin adalci da na zalunci. A bango ɗaya ga gari cikin lumana: mai ɗinkin takalma a rumfarsa, malami da ɗalibansa, magina a kan rufi, masu rawa a tsakar titi. Sai ganuwa, sai ƙofa, manoma suna shigowa da jakuna ɗauke da kaya, masu hali suna fita farauta, bayan ƙofar kuma gonaki da tuddai har iyakar gani, ana huɗa, ana girbi, ana sussuka. A bangon da ke fuskantarsa an ɗaure adalci an jefar a ƙasa, gidaje sun rushe, ƙauyuka suna ci da wuta, ba mai sana'a sai maƙerin makamai. Abin da ke taɓa ni shi ne masu mulkin da kansu suka biya aka zana wannan, a inda ba su da damar kawar da kai daga gare shi. Ki sa ɗanki ya duba ko ɗakin a buɗe yake kafin ranar, domin akan rufe shi don gyara.

Daga nan ku hau zuwa babban coci, Duomo, mai ratsin baƙi da fari na dutsen marmara. Daɓensa zane ne na dutse kashi 56, yawanci a rufe yake sai wasu makonni na bazara da kaka ake yaye shi. Suna son mai shiga ya rufe kafaɗa da gwiwa, wannan kuwa ba zai dame ki ba. In kin fito ki juyo ki fuskanci cocin ki duba gefen dama, za ki ga wani ƙaton bango tsaye shi kaɗai da ginshiƙai ba rufi. A 1339 suka ƙuduri faɗaɗa ginin ta yadda cocin da ke nan yanzu zai zama reshe ɗaya kawai na sabon. A 1348 annobar da ta share Turai ta iso. Masana tarihi suna ƙiyasta kusan rabin mutanen garin sun mutu, ana kuma kyautata zaton Lorenzetti yana cikinsu. Ginin ya tsaya a inda yake har yau. Garin bai sake komawa ƙarfinsa ba, a 1555 kuma ya miƙa wuya bayan doguwar kewayewa, ya faɗa hannun gidan Medici na Firenze. Yawan mutanensa yau ya ɗan haura dubu 50, kusan daidai da abin da ake ƙiyasta yana da shi kafin annobar. Wannan tsayawar ce ta bar mana shi yadda yake, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1995.

Daura da cocin akwai Santa Maria della Scala, ɗaya daga tsofaffin asibitocin Turai, inda aka riƙa karɓar matafiya da marasa lafiya da jariran da aka yar. An daina kwantar da marasa lafiya a ciki ne a ƙarshen ƙarni na 20. Mutane da yawa suna wuce shi, ni kuwa ba na so ki wuce.

San Gimignano daban take. Ƙaramar alƙarya ce da attajirai suka yi ta gasar gina hasumiya a cikinta. An ce sun kai 72, yau saura 14. Awa biyu ko uku sun ishe ta, kuma ta fi daɗi da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da manyan bas-bas suka tafi.

Tambaya: Yaya, ni ɗalibi ne a Turin, ina da lasisin gida amma ban taɓa tuƙi a Italiya ba. Mu uku ne za mu yi karo-karo mu ɗauki mota ta kwana biyu daga Siyena. Me ake buƙata, kuma wace hanya za mu bi?
— Wani ɗalibi

Amsa: Ƙanena, fara da takardu. Lasisin da ba na Tarayyar Turai ba yana buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da shi, ko fassarar da hukuma ta amince da ita. Ga wani abu kuma da ya shafe ka kai musamman: wanda ya yi rajistar zama a Italiya fiye da shekara guda ba zai ci gaba da tuƙi da lasisin waje ba. Ka lissafa ranar rajistarka kafin komai. Kamfanonin haya za su nemi katin bashi mai sunan direba don riƙe kuɗin ajiya, yawancinsu kuma suna ƙara wa wanda bai kai shekara 25 ba kuɗi. Motocinsu galibi masu giyar hannu ne; mai canza giya da kanta sai an nema da wuri, kuma ta fi tsada. In ba ka saba tashi a kan hawa da birkin hannu ba, ka biya bambancin, domin kowane gari a nan hawa ne. Ku ɗauki ƙaramar mota irin Fiat Panda. Kafin ka tayar da ita ka ɗauki hoton kowane ƙwarzane, har da ƙafafun taya, ka kuma tambaya ko inshorar ta rufe taya da gilas da ƙarƙashin mota.

A dama ake tuƙi. Gudu a cikin gari kilomita 50 ne, a hanyoyin karkara 90, a manyan hanyoyi masu hannu biyu 110, a babbar hanyar biya 130, sai in allo ya faɗi ƙasa da haka, kuma yana yawan faɗa. Koren allo na hanyar biya ne, shuɗi na sauran, ruwan ƙasa na wuraren tarihi. Hanyar da ta haɗa Firenze da Siyena ba a biya. In ka fita gari fitila a kunne take ko da rana tsaka, doka ce. A shataletale wanda ke ciki ne ke da hanya. Akwatunan kama masu gudu suna nan a mashigar ƙauyuka. A gidan mai, benzina shi ne fetur, gasolio shi ne dizal, kuma famfon da ka zuba da kanka ya fi na ma'aikaci araha. Lambar gaggawa 112.

Za ka ga motoci sun manne maka a baya a kan kwana-kwana. 'Yan gari ne da suka san kowane lanƙwasa, suna sauri zuwa aiki. Kada ka ƙara wuta don su. In ka sami fili ka ba da sigina ka raɓe su wuce.

Yanzu hanya. Rana ta farko ku yi kudu. Ku fita Siyena ta wajen Arbia ku kama hanyar Asciano, kimanin kilomita 30. Wannan yanki shi ne Crete Senesi, tuddai na yumɓu mai ruwan toka, tsohon gindin teku ne, kusan ba itace. Hanyar tana bin ƙirjin tudu, don haka ido yana kaiwa nesa hagu da dama. A Mayu duk kore ne shar da jajayen furanni a bakin gona. Ƙarshen Yuni alkama ta nuna. Bayan huɗar kaka sai ƙasar ta fito tsirara, manyan ɓarɓashin yumɓu kwance. Kowanne da kyansa, amma ni na kaka ya fi kama zuciyata. Daga Asciano ku hau zuwa Monte Oliveto Maggiore, gidan sufayen Kirista na jan bulo a tsakiyar kurmin dogayen itatuwan nan sirara da suke kira cipressi. An kafa shi farkon ƙarni na 14, zanen da ke zagaye da tsakar gidan aikin Luca Signorelli da Sodoma ne. Suna rufewa da tsakar rana, ku isa da hantsi.

Ku gangara Buonconvento ku hau Via Cassia zuwa San Quirico d'Orcia. Nan kun shiga kwarin Val d'Orcia, wanda UNESCO ta amince da shi a 2004, da dutsen Amiata mai tsayin mita 1,738 a kudu. 'Yan kilomita gaba akwai Bagno Vignoni, ƙauyen da dandalinsa ba fili ba ne, tafki ne na ruwan zafi da ke ɓulɓulowa daga ƙasa, yana tururi in da sanyi. Ba a wanka a cikinsa, amma ku bi ruwan inda yake gangarawa wajen tsofaffin injinan niƙa. Ku ƙare a Pienza. A da ƙauye ne da ake kira Corsignano, inda aka haifi Fafaroma Pius na II a 1405. Da ya hau mulki ya sa Bernardo Rossellino ya sake gina tsakiyarsa tsakanin 1459 da 1462, ya kuma ba shi sunansa. Titinsa ƙamshin cukun tumaki yake yi. Ku zagaya bayan coci ku tsaya a kan ganuwa kafin rana ta faɗi.

A hanya za ka yi ta ganin gida ɗaya tilo a kan kowane tudu, da layin itatuwa da ya kai ƙofarsa. Wannan ba don ado aka yi ba. Ɗaruruwan shekaru tsarin noman yankin shi ne mezzadria: mai ƙasa yana zaune a birni, manomi da iyalinsa suna zaune a gonar, a raba amfani biyu. Rayuwa ce mai wuya. Bayan yaƙin duniya na biyu manoma suka yi ta barin gonaki suna komawa masana'antu, a 1964 kuma doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Gidajen suka zama kufai, daga baya aka gyara da yawa suka zama masaukin baƙi. Makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka zo suka sayi wasu gonakin, su ne masu yawancin tumakin da za ka gani. Ina faɗa maka wannan ne don ka san gonakin nan na mutane ne masu ci daga gare su. Kada ku taka alkama don ɗaukar hoto, kada ku tare bakin hanyar gona da mota, kada kuma ku kusanci garke, fararen karnukan da ke tsaronsa ba sa wasa.

Hanyoyin burji masu farar tsakuwa, strade bianche, su ne ke kai mutum wuraren da suka fi shiru. A rani ƙura, bayan ruwa santsi. Ka tambayi kamfanin hayar ko an yarda ka hau su, domin inshora da yawa ba ta biyan abin da ya faru a kansu. Ka kula da masu keke, suna da yawa. A kan waɗannan hanyoyi ake yin tseren keke na watan Maris da ke ƙarewa a Piazza del Campo.

Rana ta biyu ku yi arewa: Monteriggioni, kimanin kilomita 15, sansanin da Siyena ta gina farkon ƙarni na 13 don tare Firenze, da ganuwarsa mai hasumiya 14 da ta rage a tsaye, rabin awa ya isa a kewaye shi. Daga nan Castellina da Radda a ƙasar Chianti, kurmi da gonakin inabi da kwana ba iyaka. Kilomita 40 a wannan yanki awa guda ce, haka za ka lissafa. Ku koma masauki kafin duhu ya yi sosai, aladen daji da barewa suna tsallaka titi da dare, kuma ƙauyuka ba fitilun hanya.

Tambaya: Malam, na ji labarin tseren dawakin Siyena. In sa tafiyata ta dace da shi?
— Wani mai son dawaki

Amsa: Malam, wannan tsere da suke kira Palio sau biyu ake yinsa a shekara, 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Garin yana da unguwanni 17, kowace da tutarta da cocinta da alamarta: kunkuru, beguwa, mujiya, raƙumin dawa, dodon koɗi, gaggafa da sauransu. Goma ne ke shiga kowane tsere. Ana zuba ƙasa a gefen dandalin, mahaya su hau ba sirdi, su zaga sau uku, abin bai cika wuce minti ɗaya da rabi ba. Dokin da ya kayar da mahayinsa ya iso farko shi ya ci. Ladan tuta ce da aka zana, amma za ka ga dattawa suna kuka a kanta. Ba wasan baƙi ba ne, nasu ne, ɗan unguwa da shi ake haifarsa.

Tsakiyar dandalin kyauta ne, sai dai za ka tsaya awoyi cikin rana da cunkoso, ba inuwa, ba bayan gida, in an rufe mashiga ba fita. Kada ka kai yara ko tsofaffi. Kujeru da tagogin gidaje suna da tsada ƙwarai, masauki kuma yana ƙarewa tun watanni kafin lokacin. Tunda kai mai son dawaki ne, ka sani kwanar San Martino tana da haɗari, dawaki sun sha karyewa a wurin, kuma a Italiya kanta akwai masu adawa da tseren saboda haka. Ni zan ce ka zo kwana uku kafin ranar, ka ga rabon dawaki ta ƙuri'a da tseren gwaji da ake yi safe da yamma, inda za ka ga dokin da kyau. Mota kuwa ka bar ta nesa, ko ka shigo da bas daga inda ka sauka.

Tambaya: Malam, abinci da salla fa? An ce mini yankin nan komai da alade da giya.
— Wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, akwai gaskiya a ciki, amma ba za ki kwana da yunwa ba. Girkin Toskana na talakawan gona ne, rabinsa wake ne da burodi da ganye da man zaitun. Ki nemi pici, taliya mai kauri da ake murzawa da hannu, da miyar tumatir da tafarnuwa da suke kira aglione. Akwai pappa al pomodoro ta burodi da tumatir, da ribollita ta wake da kabeji, da panzanella a lokacin zafi. Burodinsu ba gishiri, haka suke yinsa. Kalmomin da za ki guje wa a takardar abinci: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, lardo, strutto, cinghiale. Strutto kitsen alade ne, yana ɓuya a wasu burodi da kayan gashi, wasu kuma suna ɗanɗana miyar wake da ɗan nama, saboda haka ki tambaya ko da abincin ya yi kama da na ganye zalla. Ki ce "senza maiale, senza vino", ba alade, ba giya. Miyar nama a nan yawanci da giya ake dafa ta. A kayan zaƙi, ricciarelli na almon da panforte na 'ya'yan itace da zuma su ne na garin. Biskit ɗin cantucci kan zo da ɗan kofin giya mai zaƙi, sai ki ce a kawo miki kofi maimakonsa. Gonaki da yawa da ke tallan ɗanɗanon giya suna sayar da man zaitun da zuma da cuku, ba dole sai an sha ba.

Ɗakin girki yana rufewa wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, ba ya buɗewa sai bakwai da rabi. Coperto da za ki gani a takardar biya kuɗin zama ne na kowane mutum, ba cuta ba ce.

Akwai masallaci ginanne a Colle di Val d'Elsa, tsakanin Siyena da San Gimignano, an buɗe shi a 2013. In Juma'a ta same ku a hanya, sai ku tsara ranar San Gimignano ta dace da ita. Sauran lokuta darduma a mota da rangwamen matafiyi sun wadatar. A watan Yuni magariba tana kaiwa wajen ƙarfe tara na dare.

Tambaya: Malam, mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa amma ta nace sai ta je tare da mu. Zai yiwu?
— Wata 'ya

Amsa: Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya saka miki da alheri. Zai yiwu, in kun yi dabara. Tasi tana da izinin shiga cikin ganuwa, don haka ku ajiye motarku a waje ku ɗauki tasi ta sauke ta kusa da dandali ko bakin babban coci. Akwai kuma ƙananan bas da ke ratsa tsohon gari. Ku sa ta fara daga sama ta riƙa gangarowa, kada ta hau. Hasumiya ba tata ba ce, matakala kusan 400 ce a matse, ba na'urar hawa. Ku sama mata takalmi mai ƙasan roba, duwatsun titin suna santsi in an yi ruwa. Ku guji Yuli da Agusta saboda zafi. Mayu ko ƙarshen Satumba sun fi. A karkara kuwa ita ce za ta fi kowa morewa, tunda yawancin kallon daga tagar mota ne. Buonconvento a kwari take, shimfiɗaɗɗiya, babban titin Pienza ma ba hawa, ga kujeru a kan hanya. Montepulciano, wata alƙarya kusa da Pienza, ita ce zan ce ku tsallake, domin tun daga ƙofa har dandalinta hawa ne. In za ku kama ɗaki a tsohon gini, ku tambaya a rubuce ko yana hawa na nawa da ko akwai na'urar hawa, saboda abin da suke kira hawa na farko shi ne wanda ke saman na ƙasa.